Awam a Gindin Bishiya

Shafi na 27

Na ga saƙonninku. Masu cewa Mahfuz mijin kirki ne, in daina ja masa zargi, ku karanta wannan tukuna.

*

Tun kafin bas ɗin ta gama tsayawa Mu'mina ta ji ƙarar.

Ba a kunne ta fara jin ta ba. A ciki ta ji ta, ƙasan cibiya, inda duk ɗan Maiduguri yake jin rugugin bam. Hannunta ya kai kan gwiwar Rhoda kafin ta san ta miƙa shi.

"Ta ina ne?" ta ce ƙasa-ƙasa.

Rhoda ta karkata kai kamar mai auna nisa. "Ta wajen Muna Garej, ina ji. Ko Dalori."

Suka dubi juna. Sai dariya ta ƙwace musu, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Ruwa ne fa, Sista."

"Ruwa ne. Mu ne dai ba mu da lafiya."

Ma'aikatan jinya ne su biyun, a ƙaramin asibitin wani sansanin 'yan gudun hijira da ke bakin Maiduguri. Ƙungiyar agajin da suke yi wa aiki ce ta turo su taron bita a Livingstone, ƙasar Zambiya. Yau aka rufe taron, aka kwaso mahalarta a bas aka kawo su ganin magangarar ruwan Biktoriya. Cikin duk taron nan na mutanen ƙasashe daban-daban, uku ne kawai ke jin Hausa: Mu'mina, Rhoda, da Mahfuz, mijin Mu'mina, wanda ya rufe harkar atamfofinsa a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri ya biyo ta, wai bai taɓa leƙa wata ƙasa ba.

Yana kujerar gaba. Bai waiwayo ba.

Tun daga filin jirgin Abuja haka yake. Ba Rhoda ce ya kamata ta zo ba, wata ce, rashin lafiya ya hana ta, aka sauya suna ana gobe tafiya. Da ya ga Rhoda da jakarta sai ya gaishe ta kansa a ƙasa, daga nan bai ƙara zama teburi ɗaya da ita ba. Mu'mina ta ɗauka ustazanci ne. Har tsokanarsa ta yi.

"Abban Ruma, Sista Rhoda ba ta cizo."

"Kunyar Kanawa ce," ya ce mata. "Ku Barebari ba za ku gane ba."

Ɗan jagoran, wani dogo mai yawan fara'a da ake kira Alfred, ya tara su a bakin ƙofa yana bayani da Turanci. Mutanen wurin, in ji shi, suna kiran ruwan hayaƙi mai tsawa. Ya raba musu rigunan ruwa na leda, rawaya shar, ya ce duk mai son wayarsa ya sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, don a ciki ba yayyafi ake yi ba, wanka ake yi, musamman a kan gadar da za su haye.

Mahfuz ya miƙo hannu. "Kawo taki. Ke da sakaci."

Ta ba shi. Ya jefa ta cikin 'yar jakar da ke rataye a wuyansa, inda fasfo ɗinsu suke, ya ja zif.

Suka shiga cikin bishiyoyi, layi ɗaya, ƙarar tana ƙaruwa. Can gaba farin tururi ya tashi sama kamar an cinna wa gari wuta, bakan gizo a tsakiyarsa. Mu'mina ta tuna dam ɗin Alau na kusa da Maiduguri, inda suke zuwa shan iska da Sallah kafin yaran nan, 'yan ta'addan daji, su hana kowa hanyar. Ta yi niyyar ta ce wa Mahfuz ai ko Alau ɗin bai sani ba, don shi sai bayan abubuwa sun lalace ya zo garin.

Ba ta faɗa ba. Wata ƙarar ce ta shigo ta saman ta ruwan.

Fat-fat-fat-fat.

Jirgi mai saukar ungulu, ƙasa-ƙasa, ya taso ta bayan bishiyoyi. Alfred ya nuna shi da laima yana cewa na masu yawon kallo ne, daga sama suke ganin ruwan. Kowa ya ɗaga kai. Mu'mina ma ta ɗaga, ta kare ido da tafin hannu, yadda suke yi a unguwarsu Mairi in jirgin soja ya bi ta saman rufinsu ya nufi daji. Hajja, mahaifiyarta, takan fito tsakar gida ta ce, namu ne, Allah ya ba su sa'a.

"Namu ne," ta ce tana dariya, ta juya don ta ga ko Rhoda ta ji.

Babu Rhoda a gefenta.

Babu Mahfuz a gabanta.

A gindin wata babbar bishiya ta hango su, nesa kaɗan da hanya. Rhoda ta manne da kututturen ta wannan ɓari, fuskarta a jikin ɓawon. Mahfuz ya manne ta ɗaya ɓarin. Rigar ledarsa tuni ta bar jikinsa, ya dunƙule ta ya danne a ƙarƙashin ƙafa. Tafin hannunsa na dama ya rufe gilashin agogonsa. Jirgin ya karkata hagu, shi kuma ya zame dama a hankali, kututturen na tsakaninsa da sama. Rhoda ma ta zame, daidai yadda ya yi, kamar malami ɗaya ya koya musu.

Mu'mina ta nufe su, tsokana a bakinta. Ta kusa isa ta ji muryarsa.

"Cire rawayan nan. Kar ki motsa, awam."

Ta tsaya cak.

Ba ihu ya yi ba. A hankali ya faɗa, ta tsakanin haƙora. Amma muryar ba ta mijinta ba ce. Hausar ma ba irin tasa ba ce mai santsi ta Kano. Nauyin harshen Barebari ne a kanta, irin na gidan su Mu'mina.

Jirgin ya wuce.

Rhoda ta ɗago kai. Mahfuz ya ɗago. Suka kalli juna ta gefen kututturen, ba wanda ya ƙifta.

Shi ya fara dawowa hayyacinsa. Ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya kakkaɓe, ya yi dariya.

"Kin ga abin da garinku ya mai da ni, Maman Ruma? Bakano da tsoron jirgi."

Wasu Turawa biyu suka taya shi dariyar duk da ba su ji me ya ce ba.

Rhoda ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun Mu'mina, yatsunta sanyi ƙalau.

"Raka ni banɗaki."

*

Sai da Rhoda ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Ta wanke fuska, ta duba ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar ba kowa, sannan ta jingina da bango.

"Kin ji abin da ya kira ni?"

"Na ji. Awam. Larabci ne ai, Sista. Gama-garin mutane. A Islamiyya ma ana faɗa."

"Kin taɓa jin wani ya kira mutum da shi? Ya dube shi ya ce, kai awam?"

Rhoda ta matso kusa da ita.

"A Kwastam ana faɗa? A Kano ana faɗa?"

"Ban sani ba. Ban taɓa zama a Kano ba."

"Ni na san inda ake faɗa."

Mu'mina ta san Rhoda 'yar Gwoza ce. Ta san ranar da yaran nan suka ci garin ba ta samu hawa dutse da masu gudu ba, aka tafi da ita, ta daɗe a hannunsu kafin ta kuɓuta. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan a wurin aiki. Ba ta ba da labarin, ba a tambaya.

"A can mutane kashi biyu ne," in ji Rhoda. "Akwai rijal, masu bindiga. Akwai awam, mu, masu noma musu da ɗebo ruwa. Ba su kiran sunanka. Kai awam, zo. Ke awam, kashe wutar nan."

"Sista..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. In jirgi ya zo, ɗan gari sama yake kallo. Ke ma sama kika kalla, na gan ki. Wanda ya zauna a daji shi ke neman bishiya. Ba a gudu, jirgi na ganin mai gudu. A cire abu mai haske. A rufe agogo, a rufe madubi, a kifa kwano. A bi kututture ana juyawa. Wa ya koya wa mai sayar da atamfa rufe agogo?"

"Wataƙila a labari ya ji. Kin san kasuwa."

"Labari ba ya shiga ƙafa, Mu'mina. Kafin ni ya isa bishiyar."

Ƙarar ruwan tana shigowa ta 'yar tagar sama, ba ta raguwa, ba ta hutawa. Mu'mina ta ji rigar ledar ta manne mata a wuya. Shekara uku tana kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan. Shi ke goya 'yarsu Rumaisa'u ya zaga da ita tsakar gida in tana rigimar haƙori. Kanuri kuwa, banda gaisuwar wushe ba abin da ya iya, shi ma sai ya karya shi yara su yi ta dariya.

"Kin san shi?" ta ce. "Ki gaya min gaskiya. Kin taɓa ganinsa?"

"Ban san fuskarsa ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Yawancinsu da rawani suke, ido kawai. Kuma mu ba ma ɗaga kai."

"To kin gani. Wataƙila kama shi aka yi, kamar ke. Mutane nawa aka tare a hanya?"

"Na yi wannan tunanin tun a gindin bishiyar. Na roƙi Allah ya zama haka ne." Rhoda ta goge baki da bayan hannu. "Amma wanda aka kama ba ya ce wa ɗan'uwansa awam. Shi ake ce wa. Mu a tsakaninmu ko da wasa ba ma faɗa. Ni da aka canza wa suna ma, suka ce daga yau ke ce Rashida, na fi son a kira ni Rashidar a kan wannan kalmar."

"Rashida?"

"Ko mamata ban gaya wa ba. Ke ce ta farko. Ki bar shi a nan."

Mu'mina ta dafa bakin famfo.

"Ina Ruma?" in ji Rhoda.

"Tana Mairi. Wurin Hajja."

"Wa ke zuwa gidan?"

"Ba kowa. Sai Umara."

"Wane ne Umara?"

"Abokin kasuwancinsa. Shi ke riƙe da shagon. Yakan kai wa Hajja cefane." Ta tsaya. "Tare suka zo daga Kano."

Ita da kanta ta ji yadda maganar ta fita.

"Ki kira Hajja yanzu," Rhoda ta ce. "Ba anjima ba. Ki ce ta ɗauki yarinyar su tafi gidan kawunki na GRA, inda akwai sojoji a bakin layi. Kar ki ce mata komai, ki ce mafarki kika yi. Tsofaffi suna jin mafarki."

"Wayata na wuyansa."

"Tawa ba layi, sai na koma otal." Rhoda ta rufe ido ta buɗe. "To ki karɓo. Ki yi dariya ki ce hoto za ki ɗauka. Kin iya dariya?"

"Ban sani ba."

"Ki iya. Ni na yi ta a gabansu, ga ni a raye. Kuma ko me zai ce miki, ki ce to. Kar ki tambaye shi komai. Kin ji ni? Komai."

"Ke fa?"

"Ba zan hau gadar nan da shi ba. Ina wurin masu sayar da sassaƙa, cikin mutane."

*

Yana tsaye a bakin hanya yana jiranta, ya mai da rigar ledarsa, yana kallon wasu birai da ke ƙoƙarin buɗe kwandon shara. Sauran sun yi gaba.

"Kun daɗe," ya ce.

"Cikinta ne. Abincinsu bai karɓe ta ba."

"Allah ya sawwaƙe. Ba za ta zo ba?"

"Ta ce mu je."

Ya gyaɗa kai. Zif ɗin jakar wuyansa bai rufe duka ba. Ɗazu a gabanta ya ja shi har ƙarshe.

Ta yi dariyar. Ta ji ta a kunnenta kamar ta wata.

"Abban Ruma, ba ni wayata in ɗauki biran nan. Ruma za ta so su."

"Bayan gada. Yanzu jiƙewa za ta yi."

"Nan ai ba ruwa."

"Bayan gada, Mu'mina."

Ya kama hannunta. Bai matse ba. Bai kuma saki ba.

Gadar siririya ce, ta ƙarfe, an ɗora ta daga wannan dutse zuwa wancan, mutum biyu da ƙyar suke jerawa. Ta dama ruwan ne, bango guda fari, yana zubowa daga sama kamar duniya ta tsage. Ta hagu rami. Ƙasa ba a ganin komai sai tururi. Feshin yana dukan fuska ta ko'ina, har daga ƙasa yake tasowa. Rigunan rawaya na gaba suka shige cikin farin ɗaya bayan ɗaya suka ɓace.

Alfred ya faɗa musu tun a ƙofa: a kan gadar nan ko ihu ka yi, na kusa da kai ne kawai zai ji.

A tsakiya Mahfuz ya tsaya.

Ya juyo da ita ta fuskanci ramin, ya tsaya a bayanta, ya kawo bakinsa daidai kunnenta. Mai wucewa zai ce miji ne ke nuna wa matarsa bakan gizo.

"Me ta ce miki?"

"Wa?"

"Mu'mina."

"Ba ta ce komai ba. Amai ta yi."

"Hannunki na rawa."

"Sanyi ne."

Ƙarfen gadar yana da santsi a tafinta, gansakuka ta kama shi. Ta ƙanƙame shi duk da haka.

"Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba," ya ce. "Na so in mutu da shi. Amma na ga yau ya fito da kansa."

Ta ƙura wa tururin ido.

"Zuwana na farko Borno, da motar kaya na zo. Aka tare mu a hanyar Damboa."

Hanyar Damboa. Hanyar da ta ci yayanta Mikail, ko gawarsa ba a samu ba. Mahfuz ya sani. Shi ke zama da Hajja duk shekara in watan ya zagayo.

"Direban suka yanka a gabana. Mu suka tafi da mu daji. Na yi musu dako, na yi musu noma. Jirgi ya kashe mutum a gefena, kusa kamar yadda nake da ke. Da Allah ya ba ni hanya na gudo, ni da Umara. Muka shigo gari muka yi shiru. Kin san lokacin. In 'yan gora masu sintirin gari suka ji ka kwana a daji, ba sa tambayar yadda aka yi ka je. Da na faɗa, Hajja za ta ba ni ke?"

Muryarsa ce. Tasa ta kullum, mai taushi, har tana karyewa a ƙarshe.

Wani abu ya saki a ƙirjin Mu'mina. Ta ji hawaye masu ɗumi sun gauraya da ruwan sanyin da ke fuskarta. Haka ne. Dole haka ne. Ga zanen da ke bayansa da ya ce na faɗuwar babur ne. Ga firgitar da yake yi cikin barci. Mutum ne da aka zalunta, ita kuma ta tsaya a banɗaki ana ƙulla masa sharri. Ta ji kunya, ta ji daɗi, ta ji kamar ta zauna a wurin.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" ta ce. "Ni fa? Ni da kullum irinsu nake wa magani?"

"Tsoro."

"Da na riƙe maka."

"Na sani. Ki yafe min."

Ta juyo da fuskarta gare shi. So take ya rufe ɗan ramin da ya rage, ya ba ta amsa ko wace iri, ta karɓa, su wuce. Don haka bakinta ya riga hankalinta.

"To me ya sa ka ce mata awam?"

Tana rufe baki ta tuna. Kar ki tambaye shi komai.

Mahfuz bai motsa ba. Ruwa na gangarowa daga girarsa, bai share ba. Abin da ke karyewa a fuskarsa ɗazu ya daina karyewa. Ya koma wurinsa a hankali, kamar an rufe shago.

"Ashe har fassara ta yi miki," ya ce.

"A'a. Ni na ji da kunnena. Na ɗauka..."

"Kin ɗauka me?"

Tafin hannunsa ya sauka a tsakiyar bayanta. A buɗe. Bai tura ba. Ya dai ajiye shi a wurin, ta ji nauyin kowane yatsa ta cikin ledar. Ƙarfen gadar iyakarsa ƙugunta. Takalminta na roba ne, ƙasan ya sha ruwa.

Ta fara karanto duk abin da ya zo bakinta, a zuci, ba a jere ba.

"Madam. Oga."

Laimar Alfred ce ta fara fitowa daga cikin farin, sannan haƙoransa. Yana ɗaga murya da Turanci, wai masoya a bari sai an haye, ana jiransu, hoton taro za a ɗauka.

Mahfuz ya yi masa dariya, ya ɗaga hannu. Hannun da ke bayanta ya zame ya koma kafaɗarta.

"Matata ce ke jin jiri," ya ce masa da Turancinsa na kasuwa.

Haka suka ƙarasa, Alfred a gaba, ita a tsakiya.

*

A ƙetaren akwai wani ɗan fili a bayan bishiyoyi inda ƙarar ta ɗan lafa. Mutane na matse hula suna dariya, ana jera su don hoto. Mahfuz ya ja ta gefe. Ya buɗe jakar wuyansa, ya ciro wayarta, ya goge ta da hankici.

"Na ce miki bayan gada," ya ce. "Ga ta. Hajja kike son kira, ko?"

Ba ta ce masa Hajja ba. Birai ta ce.

Shi ya danna kiran da kansa, ya sa mata a hannu. Tana ringin. Mu'mina ta juya masa baya, ta toshe ɗaya kunnen.

"Wushe, wushe, mutanen ƙasar waje." Muryar Hajja ta fito tar, da ƙarar keken ɗinkin maƙwabta a bayanta. "Kun ga ruwan? Ya kai Alau?"

"Hajja, ina Ruma?"

"Ko gaisuwa babu? Haka ake yi a can?"

"Hajja, don Allah. Ba ni ita."

"Ai kin makara kaɗan. Yanzun nan Umara ya zo ya ɗauke ta."

Mu'mina ta nemi abin dafawa. Babu.

"Ya kai ta ina?"

"Wurin tela, wai. Ya ce babanta ya kira shi daga can, a je a auna ta, ya ga wani ɗinki a jikin 'ya'yan Turawa yana so a yi mata. Mijin nan naki da ɓata yarinya." Hajja ta yi dariya. "Har da bargonta ya ce in ba shi, da kofinta, da kayan sawa kala uku. Na ce Umara, tela ne ko ƙaura? Ya ce umarnin oga ne."

"A me ya zo?"

"A mota. Ba tasu ta shago ba, wata ce, da wani a gaba ban san shi ba. Lafiya? Muryarki ta yi wani iri."

Bakin Mu'mina ya buɗe. Kawu. GRA. Sojoji. Kalmomin suna nan a jere, ba wadda ta fito, don Mahfuz ya zagayo gabanta yana kallonta, ya ɗora yatsa ɗaya a leɓensa.

Ya zare wayar daga hannunta a hankali.

"Hajja, barka da rana. Wallahi lafiya lau, jiri ne ya ɗebe ta a kan gada. E. E, ni na aike shi. Kar ki damu in sun ɗan jima, telan na da nisa. To, Hajja. A yi mana addu'a."

Ya kashe. Ya mai da wayar jaka, kusa da fasfo ɗinta, ya ja zif har ƙarshe.

Alfred na kiransu, an bar musu wuri a tsakiyar layi.

Mahfuz ya gyara mata hular rigar, ya share mata ruwan da ke kumatunta da babban yatsa. Sannan ya sunkuyo. Abin da ya faɗa, ba da Hausa ya faɗe shi ba. Da Kanuri ya faɗa, tsantsa, mara gargada, irin ta mutanen Bama da kakarta ke yi.

"Ruma tana lafiya muddin kina da hankali. Yanzu za ki yi murmushi a ɗauki hoton nan. In mun koma ƙofa, ki je wurin masu sassaƙa."

Ya ɗan dakata.

"Ki ce wa Rashida ina kiranta."